Kafin A Gina Ɗakin Sanyi, A Fara Ƙirga Motocin Tumatir

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu ko Maris ya san Kwanar Gafan. Kwanduna ne jere, ja wur, har inda ido ya tsaya. Ga manyan motoci sun yi layi, 'yan dako na ta kai-komo, dillalai kowa da waya a kunne. Idan ka ɗan matsa gefe, hancinka ne zai nuna maka inda ake zubar da wanda ya lalace. A gonakin da ke kewaye kuwa za ka ga an yanka tumatir an shanya a ƙasa, domin mai shi ya yi lissafi ya ga kuɗin kwando da na mota sun fi abin da za a ba shi.

Bayan wata uku ko huɗu, wannan tumatirin da aka rasa yadda za a yi da shi, shi ne uwargida za ta saya ƙwaya-ƙwaya tana tsaki. A tsakiyar 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, gidaje da yawa sun koma miyar kuka da kuɓewa ba don sha'awa ba.

Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya ba ya kaiwa tukunya. Kuma duk shekara amsar da muke ji ɗaya ce: a gina ɗakunan sanyi, a kafa masana'antu, a gyara tituna. Ba na jayayya da ko ɗaya daga ciki. Sai dai ina ganin mun tsallake wani mataki da ya fi su araha, wanda kuma idan ba a yi shi ba su ma ba za su yi aiki ba. Wani kaso mai yawa na asarar nan tun a wurin lodi ake yin sa, a lokacin da ake yanke shawarar wace mota za ta je wace kasuwa, kuma yaushe za ta tashi. A yau cikin duhu ake yanke wannan shawara.

Farashin da ka ji a waya labarin jiya ne

Ga yadda abin ke tafiya. Ɗan gwari a Kwanar Gafan ya kira mutuminsa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, aka ce masa kaya sun yi ƙaranci, kwando ya tashi. Nan take ya sa a yi lodi. Bai yi kuskure ba. Matsalar ita ce irin wannan kiran an yi shi a Ɗanja, an yi shi a Zariya, an yi shi a 'Yan Kaba, kuma kowa amsa ɗaya ya samu.

Tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Idan an yi sa'a kwana biyu, idan mota ta samu matsala ko an haɗu da cunkoso, uku ko fiye. Sai motocin su isa kusan a tare. Farashin da suka biyo, ƙarancin kaya ne ya haife shi, kuma isowarsu ce ta kashe shi. A wannan safiyar, wataƙila Bodija a Ibadan ko kasuwannin Anacha da Fatakwal na neman kaya ido rufe. Amma tumatirin da ya yi kwana uku a hanya ba ya jiran a sake masa wata tafiya. Dole a sayar yadda aka taya, ko a zubar.

Babu wanda ya yi wauta a cikinsu. Kowa ya yi abin da hankali ya ba shi, amma da aka haɗa sai duk aka faɗi. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

To irin wannan matsalar tana da ilimin da aka keɓe mata a fannin lissafi, kuma ya haura shekara 80 da kafuwa. A taƙaice ilimin zaɓen hanya mafi dacewa ne daga cikin hanyoyi masu yawan gaske. Ana rubuta abu uku. Na farko, me kake so: rage asara, ko rage kuɗin mota, ko ƙara riba. Na biyu, me ke hannunka da za ka iya sauyawa: yawan kwandunan da za su je kowace kasuwa, hanyar da za a bi, ranar tashi. Na uku, iyakokin da ba za ka iya tsallakewa ba: abin da mota za ta iya ɗauka, abin da kasuwa za ta iya shanyewa a rana, kwanakin da kaya za su iya yi kafin su narke. Sai a ba kwamfuta ta nemo tsarin da ya cika burin ba tare da ya karya iyakokin ba.

Bari in ba da misali na ƙirƙira, don a ga inda dabarar take. A ce kana da lodi biyu da masu saye biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Legas. Lodin farko ya nuna sosai. Idan ka kai shi Legas, duk da wanda zai lalace a hanya, za ka samu naira miliyan 10. Idan ka tsaya da shi a Abuja, miliyan 9. Lodi na biyu bai gama nuna ba. A Abuja zai isa da sauran tsanwa, miliyan 5 za a ba ka, amma kafin ya kai Legas ya yi ja daidai, miliyan 9.

Mai bin babbar lamba zai tura na farko Legas don miliyan 10, na biyu ya tafi Abuja, jimla miliyan 15. Wanda ya dubi lodin biyu a tare zai haƙura da miliyan ɗaya a na farko, ya kai shi Abuja, ya tura ɗanyen Legas: miliyan 18. Kaya ɗaya, motoci ɗaya, man dizal ɗaya, bambancin miliyan 3.

Na san tsohon ɗan gwari zai karanta wannan ya yi murmushi, domin ya san haka tun yana yaron mota. Gaskiya ne. A lodi biyu da kasuwa biyu, ƙwarewarsa ta wadatar. Amma a ce motoci 40 ne daga wuraren lodi shida zuwa kasuwanni 12, kowace da irin nunar kayanta, kowace hanya da irin matsalarta. Nan kan mutum ba zai ɗauka ba, komai kaifinsa. Ko mota ɗaya ce za ta sauke kaya a wurare 10, jerin da za ta iya bi ya kai 3,628,800. Idan wuraren suka zama 15, adadin ya haura tiriliyan ɗaya. Aikin masana shi ne gano hanyoyin da kwamfuta za ta kai ga amsa mai kyau ba tare da ta gwada kowane jeri ba.

Ba sabon abu ba ne

A 1939 wani masanin lissafi a Leningirad ta Tarayyar Sobiyet, Leonid Kantorovich, ya samu tambaya daga masu sarrafa katako: yaya za a raba aiki tsakanin injuna don a samu kaya mafi yawa? Amsar da ya bayar ita ce tushen wannan fanni, kuma ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1975. A 1947 George Dantzig, wanda ke aiki da rundunar sojin saman Amurka, ya fito da hanyar warware irin waɗannan tambayoyi da har yau ake koyarwa a jami'o'i. A 1959 shi da John Ramser suka rubuta a kan yadda za a tsara tankokin da ke raba fetur daga defo zuwa gidajen mai, wato kusan irin tambayarmu ta motocin gwari.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasashen da titunansu ke sheƙi. Hukumar Samar da Abinci ta Duniya tana amfani da irin wannan lissafi wajen tsara sayen abinci da jigilarsa a wurare irin su Iraƙi da Sudan ta Kudu, inda hanya ba ta fi tamu kyau ba, har ta samu lambar yabo ta Franz Edelman a kan aikin a 2021.

Mu kuma bai kamata mu ji abin ya yi mana baƙo ba. Malamin da ya zauna rabon gado, ga dukiya ƙayyadadda, ga magada, ga ƙa'idojin da ba a tsallakewa, ai gidan su ɗaya. Al-Khawarizmi, wanda daga littafinsa aka samo kalmar aljabara, ya keɓe wani babban sashe na littafin ga lissafin gado da wasiyya, shekaru kusan 1,200 da suka wuce a Bagadaza.

Abin da ya bambanta kayan gwari da siminti ko shinkafa shi ne agogo. Buhun masara zai jira ka. Tumatir kuwa numfashi yake yi, yana ci gaba da nuna tun daga lokacin da aka tsinke shi. Masana adana amfanin gona suna da ƙa'ida: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin lalacewa sau biyu zuwa uku. Yanzu ka tuna zafin Kano a ƙarshen Maris, da kwandon da aka tsinka da hantsi ya wuni a rana yana jiran mota ta cika. Don haka a lissafin gwari ba kilomita kawai ake ƙirgawa ba, awa ake ƙirgawa, kuma awar rana ba ɗaya take da awar dare ba.

Wannan ne ya sa gajeriyar hanya ba kullum ce mafi arha ba. Direba zai iya bi ta Birnin Gwari da Tegina ya faɗa Mokwa da Jebba, ko ya zagaya ta Suleja da Bida, ko ya gangara ta Abuja da Lokoja. Kowace tana da farashinta: mai, ramuka, shingayen karɓar kuɗi, fargabar 'yan bindiga. A Yunin 2017, da gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye, motocin da ke haɗa Arewa da Kudu maso Yamma sai da suka nemi wata hanya. Tsari mai kyau yana ɗauka tun farko cewa irin haka na iya faruwa, ya tanadi inda kaya za su karkata.

Ina za a ajiye ginin?

Yanzu mu koma kan ɗakunan sanyi da masana'antun da kowa ke kira a gina. Su ma tambayar lissafi ce. A ina? Mai girman nawa? Wata nawa zai yi aiki a shekara? Ɗakin sanyin da aka gina a inda mota ba ta tsayawa, don kawai garin mai ba da kwangila ne, kufai ne mai tsada. Sannan tumatir ba ya son sanyin firji: idan aka sauke shi ƙasa da digiri 10 ya daɗe, ɗanɗanonsa da jikinsa na lalacewa. Abin da ya fi buƙata shi ne a cire masa zafin gona da wuri. Wannan na nuna cewa ƙananan wuraren sanyaya kaya kusa da wurin lodi na iya fin katafaren gini ɗaya a birni amfani. Na ce na iya, domin ba a sani sai an ƙirga.

Darasin yana nan a Kadawa. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a can, mai ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. Idan kowace mota na ɗaukar tan 30, motoci 40 ke nan kullum. A shekarar ce ƙwarin nan da manoma suka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir suka cinye gonaki, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana'antar ta tsaya, kuma a shekarun da suka biyo baya ta yi ta fama da rashin isasshen kaya. Ba ƙwari ne kaɗai dalili ba. Idan kasuwa ta yi tsada manomi zai kai kayansa kasuwa, idan ta faɗi kowa ya nufo masana'anta a rana ɗaya. Injin da ke son motoci 40 kullum yana buƙatar a tsara shuka daki-daki, wannan gona ta nuna a wannan mako, waccan a na gaba. Wato tun daga ranar dashe ake fara tsara jigila.

Haka batun kwandon roba. Kowa ya yarda ya fi kwandon gargajiya, wanda na ƙasa ke ɗaukar nauyin na sama har ruwa ya riƙa ɗiga daga mota. Amma kwandon gargajiya idan ya tafi ya tafi, na roba kuwa dole ya dawo. Wa zai dawo da shi, a wace mota, kuma guda nawa ake buƙata don kada lodi ya tsaya yayin da rabi ke kan hanya? Idan aka haɗa dawowarsu da motocin da ke komowa Arewa da manja da goro da katako, kuɗin zai ragu. Idan ba a haɗa ba, kwandunan za su taru a Legas, a ce tsarin ya gaza.

Abin da ke hana ruwa gudu

Ba kwamfuta ce matsalar ba. Manhajar Excel tana da sashen da ke warware ƙananan tambayoyi irin waɗannan, kamfanin Google kuma yana ba da OR-Tools kyauta. Ba masana muka rasa ba. A Zariya akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, ga Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, a Jami'ar Bayero akwai Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, ga sassan lissafi da ƙididdiga da ke yaye ɗalibai duk shekara. Abin da muka rasa shi ne lambobi. Mota nawa ta tashi daga Kwanar Gafan jiya? Ina ta nufa? Kwando nawa Mile 12 ke shanyewa ranar Talata kafin farashi ya karye? Lissafin da aka gina a kan zato, zato zai haifa.

Abin mamaki, kusan duk motar da ta tashi sai an yanka mata rasit. Ana ƙirga ta don a karɓi kuɗi, ba a ƙirga ta don a yi tsari.

A ganina ƙungiyoyin 'yan gwari ne ya kamata su riƙe wannan aiki, ba wata ma'aikata ba. Dalilina shi ne abin da ya faru a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya nuna abu biyu. Ƙungiyoyin na da ikon da za su ce mota ta tsaya ta tsaya. Sannan manoman Arewa ne suka fara jin jiki, domin tumatir da albasa sun yi kwantai a hannunsu. Ƙungiyar da za ta iya tsayar da motoci baki ɗaya, za ta iya rubuta inda kowace ta nufa.

Akwai ƙorafin da na ɗauka da muhimmanci. Na farko, sirrin kasuwa shi ne jarin dillali. Wanda ya shekara 20 yana gina amana da mutanen Anacha ba zai so a liƙa bayanansa a allo ba. Amsa ita ce ba sunan kowa ake buƙata ba, jimla ake buƙata: motoci kaza sun nufi Legas, kaza sun nufi Fatakwal.

Na biyu ya fi wuya. Koma kan misalina na lodi biyu. Idan mutum ɗaya ne ke da su, ya ci ribar miliyan 3. Idan kuwa na mutum biyu ne, wanda aka ce ya tsaya a Abuja ya yi asarar miliyan ɗaya don ɗan'uwansa ya samu ƙarin huɗu. Me zai sa ya yarda? Lissafi zai faɗi tsarin da ya fi amfanar jama'a, amma ba zai faɗi yadda za a raba amfanin da adalci ba. Wannan aikin shugabanni ne. Masu motocin haya sun daɗe da warware makamanciyarta da tsarin layi a tasha, kowa da ranarsa. Gwari ma za a iya yin karɓa-karɓa a kan kasuwanni masu tsoka.

Na uku, tsoron mai saye ne. Ƙungiyar da ta san yawan kayan da ke shiga kowace kasuwa tana iya rage su da gangan don farashi ya tashi. Shi ya sa nake ganin bayanan dole su zama a fili, manomi ya gani, mai saye a Legas ya gani, ɗan jarida ya gani. Idan suka zama sirrin manyan dillalai kaɗai, ko na wani kamfani mai manhaja, ƙaramin manomin Garun Malam ne zai sake kwana a ciki.

Kuma kada a yaudari kowa. Lissafi ba zai cike rami a hanyar Mokwa ba, ba zai cire shingen masu karɓar na goro ba. Abin da zai yi shi ne ya sanya wa kowane jinkiri farashi. Idan shugabannin 'yan gwari suka je gaban gwamna da takarda mai nuna cewa awa kaza ake ɓatawa a wannan yanki, kuma tana cin kwando kaza a mako, maganarsu ta fi ƙarfin kuka da roƙo.

Ba sai an jira biliyoyi ba. A gwada kaka ɗaya, daga Janairu zuwa Afrilu. A ajiye mutum biyu da waya a kowane babban wurin lodi na Kano da Kaduna da Katsina, a ajiye irinsu a Mile 12 da Bodija da Anacha da Fatakwal da Abuja. Su rubuta motar da ta tashi, yawan kwando, yanayin nunar kaya, lokacin isa da farashin da aka sayar. A shekarar farko kada a umarci kowa ya je ko'ina. A tura jimlar kawai ta WhatsApp da rediyo kowace yamma, da Hausa. Ɗan gwarin da ya ji cewa motoci 30 sun riga shi kama hanyar Legas tun jiya, ba ya buƙatar farfesa ya ce masa ya kira mutuminsa na Anacha kafin a ɗaure igiya.